Sharhi: Kafin a turo kuɗin foraj gida, a fara sanin inda zartsi yake kwance



An cire amfanin gona, hanyoyi sun bushe, manyan motocin haƙar foraj sun fara fitowa daga Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai suna nufar ƙauyuka. Lokacinsu ne. Duk mai zagaya karkara ya san da yawa daga cikin foraj ɗin da ake haƙawa yanzu kuɗin 'yan gari ne da ke Kwatano, Abijan, Kumasi, Legas, Libiya ko Aljeriya. A buɗe zaure a WhatsApp, a yi karo-karo, wanga jikka goma, wancan jikka ɗari, har a tara miliyoyin sefa, a kira mai mashin. Sadaka ce mai gudana, Allah shi saka masu da alheri.

Sai dai akwai wani kuka da ke yawan dawowa a kiraye-kirayen da muke samu. An haƙa, ruwa ya fito, an ɗauki bidiyo an tura wa masu kuɗi, an yi ta barka. Da aka kai baki sai aka ji zartsi. Shayi ba ya daɗi da shi, fura na sauya ɗanɗano, wasu yara na yin zawo in sun sha. Bayan 'yan makonni mata sun koma tsohuwar rijiya da gugansu, shato na tsaye da fanon rana a kansa, ba a ɗibar ruwansa sai don wanki da bugun bulo. Mai mashin ya karɓi kuɗinsa, kuma in za a bi gaskiya bai karya alkawari ba, tunda ruwa anka ce ya fiddo, ya kuma fiddo.

Tambayar da muke son dubawa yau ita ce: ana iya sanin haka tun kafin a kafa mashin? Amsa ita ce e, a mafi yawan lokaci ana iya samun haske mai yawa, ta hanyar awon ƙasa da masana ke kira jewofizik. Amma awon na da iyakarsa, kuma ya kamata mai biyan kuɗi ya san iyakar nan kamar yadda ya san amfaninsa.

Wani zai ce, Nijar da ba ta da teku, ina ta ga gishiri a ƙarƙashin ƙasa? Ai kakanninmu sun ci kasuwar gishiri tun kafin zuwan Nasara. Kantun Bilma da Fashi, gishirin Tigidda, mangul da kanwar ƙasar Manga wajen Gure da Maine-Sorowa, kanwar Dallol Boso, da gishirin Foga da ake dafawa wajen Bengu da Kawara-Debe a yankin Gaya, duka daga ƙasa da ruwan ƙasa suke fitowa. Baturen nan matafiyi Barth, da aka fi sani da Abdulkarim, ya bi ta kwarin Foga a 1853 ya iske ana wanga aiki. Abin da ke arziki ga mai dafa gishiri shi ne masifa ga mai neman ruwan sha, kuma wani sa'in tsakaninsu bai wuce tafiyar ƙafa ba.

Hanyar da gishirin ke taruwa ba ɗaya ba ce, kuma nan ne wahalar take. A kwari da fadama inda ruwa ke kusa, mita biyu ko uku, rana ce ke aikin. Tana jan ruwan sama ta cikin ƙasa, ruwan ya tashi ya bar gishirinsa. Shekara da shekaru ana haka har saman ruwan ya yi zartsi, ƙasa ta yi farin ɓawo. A irin wanga wuri, sau da yawa ruwan daɗi na can ƙasa ko kuma a gefen kwari wajen tudu. A wani wurin kuma akasin haka ne: na sama garau yake tunda ruwan damana ne ya sauka, na ƙasa ne tsohon ruwa da ya daɗe kwance cikin duwatsu yana narkar da abin da ke cikinsu. Ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi nauyi, don haka na daɗin yana iya zama bisa kansa kamar mai a bisa miya. Mai mashin da bai san wanne ne a gabansa ba, yana iya tsayawa da wuri ya bar ruwa mai kyau a ƙasa, yana kuma iya zarcewa ya huda har cikin zartsi ya gauraya duka biyun.

Ga kuma wani abu da ke ƙara dagula lissafi. A yankin Yamai masana sun auna sun ga ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hau da kusan mita 4 tsakanin 1963 da 2007, saboda sare daji ya sa ruwan sama na gangarawa tabkuna yana nutsewa. Ga damana mai ƙarfi irin ta 2024 da ta yi ɓarna a Maraɗi da Damagaram. Hawan ruwa alheri ne ga mai rijiya, amma a kwarin da ƙasarsa ke da gishiri, ruwan da ya matso sama shi ne ke ba rana abin ja. Shi ya sa dattijo zai ce maka rijiyar nan da daɗi take lokacin ƙuruciyarsa, kuma ba ƙarya yake ba.

To yaya awon yake? Sirrinsa ɗaya ne: ruwan gishiri na barin wutar lantarki ta wuce cikin sauƙi, ruwan daɗi na ɗan turje mata, busasshen yashi da dutse kuwa na turjewa sosai. Wani Bafaranshe mai suna Conrad Schlumberger ne ya fara gwada abin a 1912, har yau kuma da sunansa ake kiran ɗaya daga cikin hanyoyin. Masu awo na zuwa da batir, da na'ura kamar ƙaramin akwati, da nadin waya, da turakun ƙarfe huɗu. Su kafa turakun a layi ɗaya. Ta biyun waje ake sakin wuta cikin ƙasa, na tsakiya biyu su auna yadda ta wuce. Sai a ciro na waje a ƙara nisanta su, a sake aunawa. Duk yadda aka buɗa tazara, haka wutar ke ƙara nutsawa. Don a leƙa zurfin mita 50, sai an ja waya ta kai mita 200 ko fiye. Abin dariya, in yashi ya bushe ƙwarai har wuta ba ta shiga, ruwan gishiri suke zubawa a gindin turakun.

Lambobin da ke fitowa ana ƙirga su da wani ma'auni da ake kira om-mita. A ƙiyasce, dutse mai tauri na ba da dubbai. Yashi mai ruwan daɗi na ba da daga 'yan gomomi zuwa ɗaruruwa. Yashi mai ruwan zartsi yakan faɗo ƙasa da 10. Ruwan teku, mai giram 35 na gishiri a kowace lita, bai ma kai 1 ba. Mai awo na zuba lambobin a kwamfuta, ta zana masa ƙasar hawa-hawa: daga sama zuwa mita kaza yashi busasshe, daga nan zuwa mita kaza abu mai kama da ruwan daɗi, daga nan kuma abu mai shan wuta da yawa. In aka jera turaku da yawa a doguwar waya, sai a samu hoto kamar an yanka ƙasar da wuƙa ana kallon ta daga gefe, a ga inda zartsi ya fara da inda ya ƙare.

Akwai wata hanyar da ba ta buƙatar turaku. Ana shimfiɗa waya a ƙasa ta yi murabba'i, a saki wuta a ciki, a yanke ta farat ɗaya, na'ura ta saurari amsar da ƙasa ke maidowa. Wannan ta fi jin abu mai gishiri, kuma ta fi sauƙi a cikin rairayi irin na Manga.

Yanzu ga inda muke son a buɗe kunne. Laka ma tana barin wuta ta wuce, kusan kamar ruwan zartsi. Na'ura na iya nuna lamba 8, kuma lambar nan tana iya zama laka, tana iya zama yashi cike da ruwan gishiri. Na'urar ba ta ɗanɗana ruwa, mutum ne ke fassara. In mai fassarar ya san yankin, ya duba takardun foraj ɗin da anka haƙa a kusa, ya auna ruwan rijiyoyin gari, ya tambayi masu ginar rijiya irin ƙasar da suke fiddowa a kowane gaba, fassararsa za ta yi kusa da gaskiya. In kuwa ya sauko daga mota ya kafa turaku sau ɗaya ya ce "nan ne", to bambancinsa da mai bugun ƙasa kaɗan ne, sai dai shi da batir ya zo.

Masana na da dabarar raba gardamar laka da zartsi. Akwai na'urar da ke jin ruwan kansa, ta faɗi yawansa a cikin ƙasa. An haɗa ta da ta waya mai murabba'i a kwarin Komadugu da ke jihar Difa, ƙasar tattasai, a wani aiki na masanan cibiyar IRD ta Faransa tare da na jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, wanda aka wallafa a 2013. Inda wuta ke wucewa da sauƙi kuma ga ruwa mai yawa da ke iya motsi, zartsi ne ake zato. Inda wuta ke wucewa amma ruwan da ake ji kaɗan ne, laka ce. Sai dai irin wagga na'ura tana da tsada, ba kowane mai awo ke da ita ba, kuma ƙauye ɗaya ba zai iya ɗauko ta don foraj guda ba. Aikin hukuma ne da jami'o'i.

Iyaka ta biyu ta fi ta farko haɗari. Akwai gubar da ba ta da ɗanɗano, kuma awon wuta ba ya ganin ta. Mutanen Tibirin Gobir ba sa buƙatar a tuna masu. Daga 1985 garin ya sha ruwan wani foraj mai zurfi na tsawon kusan shekara 15, ruwa garau, ba zartsi ba wari, alhali sinadarin fuliyo da ke cikinsa ya ninka har sau uku zuwa huɗu abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade, wato miligiram 1.5 a lita. Dubban yara sunka samu lalacewar haƙora, wasu ƙasusuwansu sunka lanƙwashe. Haka sinadarin nitirat da ke zuwa daga masai da taki, wanda iyakarsa miligiram 50 ce a lita, shi ma harshe ba ya jin sa. Saboda haka awon ƙasa kafin haƙa ba ya ɗauke wajibcin kai ruwa labo bayan haƙa. Duk wanda ya ce maku ɗaya ya wadatar, ku riƙe kuɗinku.

Wani abin lura: a ƙasar Damagaram, inda dutse ke kusa, ba a cika gardama kan awo ba. Kowa ya san ana iya haƙa mita da yawa a tashi a tutar babu, shi ya sa birnin kansa daga nesa ake jawo masa ruwa, daga Gogo da Macaya, Arunguza da Ganaram. Tsoron busasshen rami ya koya wa mutane biyan mai awo. A dallol da fadama da gulbi kuwa, inda aka tabbata ruwa na nan, sai a ce me za a auna? Alhali nan ne zartsi ya fi zama. A ganinmu wanga tunani ne ya fi cin kuɗin 'yan ci-rani, fiye da ha'incin masu mashin. Kuɗin awo ɗan kaɗan ne in an gwada da na foraj da shato da fanon rana, amma shi ake fara sokewa daga lissafi, don shi ne ba ya fitowa a bidiyo.

Masu garka, ku ma ku matso. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ruwan da narkakkun gishirinsa bai kai miligiram 600 a lita ba yana da daɗin sha, in ya wuce 1000 kuwa, wato giram guda a lita, daɗinsa na raguwa ƙwarai. Giram guda a lita kamar ba komai ba ne: cokalin shayi huɗu ko biyar a bido mai lita 25. To mu yi lissafi. A ce eka guda ta albasa, wato hekta, ta sha ruwa mita-kib 5000 daga dashe zuwa cira. Lita miliyan 5 ke nan. In kowace lita na ɗauke da giram guda, an zuba wa gonar kilo 5000 na gishiri, buhu 100 mai kilo 50, a noman rani ɗaya. Mai rubu'in eka ya zuba buhu 25. In ƙasar mai yashi ce, damana mai kyau na wanke wani abu ta yi ƙasa da shi. In mai laka ce, ko kuwa ruwa na kusa ba shi da mafita, gishirin na nan yana jiran na baɗi. Kuma albasa, wadda Galmi da kwarin Tarka da Majiya ke taƙama da ita, tana cikin shukokin da ba sa jimirin gishiri ko kaɗan. Tumatir ya fi ta haƙuri, dabino ya fi su duka, shi ya sa kuke ganin sa tsaye a kwarurukan Manga inda wani abu ba ya yi. Manomi na ganin bakin ganye na ƙonewa, albasa ta ƙi ƙosawa, sai ya ƙara taki, alhali takin zamani shi ma wani gishirin ne.

Hukumar FAO ta sa ma'auni mai sauƙi. Akwai ƙaramar na'ura kamar alƙalami da ake tsomawa cikin ruwa ta nuna lamba nan take. In lambar ba ta kai 700 ba, a ma'aunin mikrosimens, ruwan ba shi da matsala ga ban-ruwa. Daga 700 zuwa 3000 sai da dabara. In ta haura 3000, matsala ce babba. Na'urar ba ta kai kuɗin motopom ba, ko kusa. Ba mu ga dalilin da zai hana kowace ƙungiyar manoman rani, ko kowace ma'aikatar magajin gari, mallakar guda ba.

Fanon rana ya kawo sauƙi, ba mai musu. Amma da can kuɗin esansi ne ke sa manomi kashe inji. Yanzu tunda rana kyauta ce, famfo na ja daga hantsi har la'asar. Inda ruwan daɗi ke zaune bisa na zartsi, jan da ya yi yawa na tsotso na ƙasan ya taso ya shiga tiyo. Foraj ɗin da ya fara da daɗi sai ya juya bayan shekara biyu ko uku, kuma in ya juya da wuya ya dawo da wuri. A nan ma awo na da amfani: in an san zartsi na farawa a mita kaza, sai a tsaya nesa da shi, a sa famfo daidai ƙarfin wurin. In kuma zartsin a sama yake, sai a wuce shi, a toshe wajen da siminti, a sa tiyo mai tsaga a inda ruwan daɗi yake kaɗai. Wanga toshewa ita ce aikin da ba a gani da ido, ita ce kuma mai gaggawa ke tsallakewa.

Ina hukuma a ciki? Ƙasar nan na da dokar ruwa tun ranar 1 ga Afrilun 2010, wadda ta tanadi cewa ayyukan ɗibar ruwa sai an sanar ko an nemi izini, gwargwadon girmansu. Ma'aikatun hidrolik na jihohi da gundumomi na riƙe da bayanan rijiyoyi da foraj. Amma foraj ɗin da 'yan gari suka haƙa da kuɗinsu, sau nawa takardarsa ke isa can? In ya fito da zartsi ma kunya ake ji, a rufe maganar. Sai ƙauyen da ke gaba, kilomita uku, su tara nasu kuɗin su faɗa rami ɗaya. Foraj da ya lalace shi ma ilimi ne, in an rubuta zurfinsa da irin ruwansa.

Gwamnati ta sa noman rani a gaba, ta ƙaddamar da shirin babban ban-ruwa a 2024. Wani bincike da hukumar MCC ta Amurka ta ɗauki nauyinsa kuma ya ƙiyasta cewa akwai ruwa kimanin mita-kib biliyan 50 a ƙarƙashin yankin da aka bincika. Labari ne mai daɗi, an kuma yi ta yaɗa shi. Amma yawan ruwa daban, kyawunsa daban. Abin da muke ganin ya rage shi ne taswirar zartsi, kwari bayan kwari, wadda magajin gari zai iya buɗewa ya nuna wa mai niyyar haƙa. Jami'o'inmu na Yamai, Maraɗi da Damagaram na yaye matasa masu ilimin ƙasa, da yawansu na zaune ba aiki. Kayan awon wuta mota guda ke ɗaukarsu. In kowace jiha na da tawaga ɗaya da ke bin dallol da gulbi a lokacin rani, cikin 'yan shekaru da an rage haƙa bisa sa'a.

Kafin a kai can, Alhaji da ke Abijan, Hajiya da ke Makka, ɗan uwa da ke Tamanrasat, abin da ke hannunku shi ne takardar yarjejeniya. Ku sa wakilinku na gida ya fara zuwa hidrolik ya tambayi abin da anka sani game da yankin. Mai awo ya zama daban da mai mashin, don wanda zai ci kuɗin haƙa ba shi ne zai ce kar a haƙa ba. Ya auna wuri fiye da ɗaya, ya bar rahoto a rubuce da sa hannunsa, wanda ya faɗi zurfin da ake sa ran ruwa da inda ake tsoron zartsi. Lokacin haƙa a riƙa tsoma 'yar na'urar nan duk sanda aka shiga sabon ruwa. Kuma kar a biya kason ƙarshe, kar a hau ginin shato, sai sakamakon labo ya fito, da fuliyo da nitirat a ciki. Wurin da maigari ko mai bayar da fili ke so, kusa da masallaci ko ƙofar gida, in awo ya ce a matsa mita 300, a matsa. Jan tiyo ya fi sauƙi a kan sake haƙa.

Masu ginar rijiya na gargajiya kuma kar a raina su. Su ne sunka san a gaba nawa ake iske baƙar laka, wace rijiya ce dabbobi ke so don kanwarta, wacce ce mata ke tsallakewa in za su ɗebo na sha. Mai awo na ƙwarai da su yake fara zama.

Wanda ke da foraj ko rijiyar garka tun da, ya auna ruwansa sau biyu a shekara ya rubuta a littafi: sau ɗaya bayan damana, wajen Oktoba, sau ɗaya kuma a tsakiyar bazara, Afrilu ko Mayu, lokacin da ruwa ya fi ja da baya kuma zartsi ya fi fitowa. In lambar bazara na hawa shekara bayan shekara, a rage awoyin jan ruwa, a kai littafin hidrolik.